TAƘAITACCEN TARIHIN LIKITA MILLER, WANDA YA JUYA LITTAFI MAI TSARKI ZUWA HAUSA

A wannan biki na cikar ikkilisiyarmu shekara 50, mun ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah wanda ba mu taɓa ganinsa da ido ba, amma aikin hannunsa ya shiga gidajen iyayenmu a ƙasar Kankiya da Kusada tun kafin a ɗora tubalin farko na wannan majami'a. Shi ne Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, daga nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS domin aikin bishara a ƙasar Hausa. A wancan zamani hanyar shigowa ba ta buɗe ba, saboda haka aka tura shi Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango. A bakinsu ya koyi harshen. A can ne kuma ya gamu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina mai suna Abdul Majid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan ya zama kamar ɗa a gare shi, ya kuma taimake shi ƙwarai wajen gyara Hausarsa. Wato ke nan akwai hannun Bakatsine a gindin wannan aiki, abin da bai kamata mu manta da shi ba.

A 1900 suka taso daga Legas su biyar a ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, ciwo ya kwantar da sauran, tafiyar ta watse. Ga idon mutum an yi hasara. Amma Miller ya sake dawowa, a 1905 kuma ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara maza.

Ya yi fiye da shekara 20 a birnin, waɗanda suka ba da gaskiya kuwa ba su da yawa. Farin cikinsa mafi girma ya zo a 1913, sa'ad da Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka neme shi domin su ji ƙarin labari. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Cikin yaran da suka tashi a hannunsa akwai R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa.

Ba za mu ɓoye ba, Likita mutum ne mai kaifin harshe, ba ya iya haɗiye magana. Ya yi ta saɓani da jami'an mulkin mallaka, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, har da abokan aikinsa na mishan. Allah bai jira sai ya samu mutum marar aibi ba kafin ya ba shi aiki.

Ba shi ne ya fara juyi ba. Tun a 1857 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, da taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe da aka 'yanta daga bauta aka kai shi Turai. Schön ya ci gaba har Sabon Alkawari ya fito a 1880. Sai dai bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Hausar tasa kuwa ba ta zauna daidai a kunnen mai harshe ba. Miller ya ɗauki aikin daga tushe. Yana zaune cikin masu harshen, yana ji, yana tambaya, yana gyarawa, tare da Hausawa mataimakansa da ma'aikatan sauran mishan irin su SIM da SUM. Bayan ƙaura zuwa Wusasa ya koma Kano domin ya ƙarasa. A 1932 ƙungiyar British and Foreign Bible Society ta buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, daga Farawa har Wahayin Yahaya.

Mu dubi nauyin abin. Mun gaskata, kamar yadda 2 Timoti 3:16 ta koya mana, cewa Nassi daga numfashin Allah ya fito. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, wasu 'yan wurare da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Mai juyi tilas ya zaɓi kalma ɗaya ya bar wata, yana sane da cewa maganar ba tasa ba ce. Da wace kalma za a faɗi alheri? Da wace za a faɗi fansa, ko barata, ko alkawari, a harshen da mutanensa suka riga suka san waɗannan kalmomi da wata ma'ana? Sun riƙe sunan Allah da Ubangiji, waɗanda kowane Bahaushe ya sani, Musulmi ko Bamaguje. Yawancin kalmomin da muke addu'a da su a yau, a wannan aiki aka daidaita su.

Miller ya tsaya a kan rubutun boko maimakon ajami. Wannan ya sa duk wanda ke so ya karanta Maganar Allah da kansa sai ya koyi baƙaƙen boko. Da aka ba SIM izinin shiga ƙasar Katsina a shekarun 1930 ta hanyar aikin kutare a Babbar Ruga, masu bishara sun tarar da littafin a shirye. Haka bishara ta bi ƙauyukan Maguzawa da ajin karatu a gaba. Da yawa cikin iyayenmu ba su shiga makarantar gwamnati ba, a kan wannan littafi suka koyi haɗa baƙi, da dare, bayan an dawo daga gona.

Sa'ad da sabon juyi na 1979 ya fito, hankalin wasu dattawa bai kwanta ba. Ayoyin da suka haddace sun sauya kama, har ana tambaya ko an taɓa Maganar Allah. Tambayar tana da nauyi, ba ta raini ba ce. Amma ikon Nassi ba a Hausar Likita Mila yake ba. Harshe yana tafiya. Har rubutun ma ya canja, inda dā ake sa "ch" yanzu "c" ake sawa. Masu sabon juyin sun koma ga Ibrananci da Helenanci ne, tushen da Allah ya kiyaye ta hannun masu kwafa tsara bayan tsara, suka sake ɗebo ruwan nan da sabuwar ƙwarya. Wanda ya ajiye juyi biyun gefe da gefe zai ga bishara ɗaya ce.

Likita ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya tafi Ingila, amma zama bai yi masa ba, ya dawo Nijeriya. Ya rubuta littattafai da Turanci a kan rayuwarsa da kuma halin da ƙasar ke ciki. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

Muna roƙon duk gidan da ke da tsohon juyin 1932 na iyaye ko kakanni, ko da bangonsa ya yage, a zo da shi ranar sujadar godiya domin yaranmu su gani, su taɓa.