Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da zaman Degel kafin a ɗaga tuta

Idan aka ambaci Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne jihadin 1804 da tutocin da aka raba, har wadda Malam Isiyaku ya karɓo ya nufo ƙasar Daura da ita. Amma a lokacin da aka fara yaƙin, Shehu ya kusa shekara 50, kuma ya riga ya shafe kimanin shekara 30 yana karantarwa. Yawancin wannan aiki an yi shi ne daga Degel, wani ƙauyen malamai da a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato.

An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir a watan Disamban 1754, sannan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya koma Degel da iyalinsa. Ya yi karatu a hannun 'yan uwansa malamai irin su Usmanu Binduri, ya kuma zauna da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Yana ɗan shekara 20 ya fara wa'azi, ya zagaya Kabi da Zamfara, kafin ya dawo gida ya zauna.

Zaman Degel ba shi da wani ƙawa. Ɗalibai suna zuwa daga nesa, su kafa bukkokinsu kusa da na malamai, su kwafi littattafai da hannu. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana tsarin ranakun mahaifinsa a Infaƙul Maisuri: karatu bayan la'asar ga masu neman ilimi mai zurfi, wa'azi ga jama'a a daren Juma'a, cikin harshen da suke ji. Mata ma suna halarta, abin da ya jawo masa suka daga wasu malaman zamanin, shi kuwa ya mayar da laifin kan mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. A wannan gida aka haifi Nana Asma'u a 1793.

Akwai wani abu ɗan ƙarami da Bello ya lura da shi, wanda a ganina ya fi labaran karamomi bayyana mutumin. Duk lokacin da Shehu zai fita wurin taro, sai ya ɗan tsaya a tsakar gida shi kaɗai, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya fita da fara'a. Da Bello ya tambaye shi, sai ya sanar da shi cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin yin abin don Shi kaɗai. Mutumin da jama'a ke cincirindo don jin muryarsa, bai amince wa zuciyarsa ta fita ba tare da an bincike ta ba.

Haka yake a sha'anin abin duniya. Ruwayoyi sun nuna tufafinsa kaɗan ne, kuma yana tufkar igiya da hannunsa. A 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami a lokacin Babbar Sallah, ya yi musu kyautar dukiya mai yawa. Shehu bai karɓa ba. A madadinta ya nemi a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsawa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda aka ɗaure, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Da ya buɗe hannu ya karɓi kyautar, da wuya bakinsa ya iya furta ko ɗaya daga cikinsu.

Ta fuskar ɗariƙa, Shehu Baƙadire ne mai riƙo da wuridi. A littafinsa na Wuridi ya ba da labarin cewa da ya cika shekara 40 ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Duk da haka sai da aka ƙara kusan shekara 10 ana karatu a Degel, jama'a na ƙaruwa, fadar Alƙalawa na ƙara tsarguwa. Sarki Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. A zamanin Yunfa al'amari ya ɓaci gaba ɗaya.

A watan Fabrairun 1804 jama'a suka bar Degel zuwa Gudu. Cikin kayan da aka fi damuwa da su har da littattafan Shehu, waɗanda aka ɗora wa raƙuman wani malami Buzu mai suna Agali. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello tafiyar da mulki, ya zauna a Sifawa yana rubutu da karantarwa. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can ranar 20 ga Afrilun 1817, aka binne shi a gidansa da ake kira Hubbare.