Sarkin Kano Muhammadu Rumfa Da Gadon Da Ya Bar Mana

Da yawa daga cikinmu za su tuna ranar da malaminmu na tarihi ya loda mu a motar makaranta, muna aji uku, ya kai mu Gidan Makama. A lokacin hankalinmu ya fi karkata ga gurasa da tsiren da aka saya mana. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na sake bin wannan hanya tare da ɗana, kuma abin da na gani ne ya sa na ɗauki alƙalami don tuna mana da mutumin da ya gina yawancin wuraren da aka nuna mana.

Muhammadu Rumfa ɗa ne ga Sarkin Kano Yakubu, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan gidan Bagauda. Ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Masana tarihi sun nuna cewa Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, a nan ya zauna kafin ya hau gadon sarauta. Da ya hau sai ya gina sabuwar fada a kudancin tsohon gari, wadda ake kira Gidan Rumfa har gobe. Fulani sun karɓi mulki a farkon ƙarni na 19, Turawa sun ci Kano a 1903, amma babu wanda ya ɗauke fadar daga inda ya ajiye ta.

Ganuwa kuwa ba shi ya fara ta ba, Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta tun a ƙarni na 12. Rumfa ya faɗaɗa ta ne domin ta kewaye sabuwar fadarsa da unguwannin da baƙi suka kafa, aikin da ya haɗa da sassan Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, inda fataken Arewacin Afirka da na Borno da na Gwanja suka riƙa haɗuwa.

Littafin Tarihin Kano ya lissafa abubuwa 12 da ya ƙirƙiro. Daga ciki akwai majalisar Tara ta Kano, da kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga wasu daga cikinsu da idonsa. A wajen 1492 Shehu Almagili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano, ya kuma rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. A zamanin ne aka sare bishiyar tsafin gari aka gina masallaci a gurbinta.

Ba kowane al'amari ne ya zo masa da sauƙi ba. Ya shafe shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Da ya rasu ɗansa Abdullahi ya gaje shi, ɗan Madaki Auwa. Allah Ya ji ƙansu.

To, 'yan'uwa, Gidan Rumfa yana nan, Kurmi tana ci, amma badala tana ƙarewa. Wurin da muka hau muka ɗauki hoto muna ɗalibai, na neme shi na rasa. Wani sashe an ɗebe ƙasarsa an yi tubali, wani ya zama juji, wani kuma shaguna sun hau kansa. Ɗana ya tambaye ni ina ganuwar take, alhali muna tsaye a kanta. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma ginin ƙasa yaɓe yake buƙata bayan kowace damina, rajista ba ta tare ruwan sama.

Ba zan ɗora laifin duka a kan wasu ba. Yawancinmu ma'aikatan gwamnati ne, kuma takardun filaye da na izinin gini ta teburanmu suke wucewa. Shawarata ga ƙungiya biyu ce. Na farko, mu ɗauki nauyin kai ɗaliban makarantarmu waɗannan wurare sau ɗaya a shekara, kamar yadda aka kai mu. Na biyu, duk wanda fayil ɗin filin da ya taɓa badala ya zo gabansa, ya je ya duba wurin da ƙafarsa kafin ya sa hannu.

Ina roƙon a sa wannan batu cikin ajandar babban taronmu mai zuwa. Malamanmu da suka fara nuna mana waɗannan wurare, Allah Ya saka musu da alheri, amin.