Whitney Houston: Faifan da ya kafa tarihi, ya kuma bar mata tabo

Ranar Asabar, 11 ga watan Fabrairun 2012, aka tarar da Whitney Houston a cikin bahon wanka na ɗakinta a otal ɗin Beverly Hilton da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, rai ya yi halinsa. Shekarunta 48 a duniya. Tun daga wannan rana, duk wanda ya tashi ba da tarihinta sai ya yi hanzarin kai mai sauraro ga batun hodar iblis da rigingimun aurenta da Bobby Brown, tamkar a nan ne labarin ya soma. A nawa ganin, wanda ke son fahimtar rayuwar wannan baiwar Allah sai ya koma baya zuwa shekarar 1987, lokacin da ta fitar da faifanta na biyu, ya dubi irin tarbar da aka yi masa.

An haife ta ne a birnin Newark na jihar New Jersey ranar 9 ga watan Agustan 1963, a gidan da waƙa ta zama gado. Mahaifiyarta, Cissy Houston, ita ce jagorar ƙungiyar Sweet Inspirations, wadda ta yi wa Aretha Franklin da Elvis Presley amshi. Shahararriyar mawaƙiya Dionne Warwick kuwa 'yar yayar mahaifiyar tata ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka tun tana yarinya Whitney ta shiga cikin mawaƙan majami'ar New Hope Baptist, inda mahaifiyar ke koyar da su, kuma a can ta koyi yadda ake riƙe numfashi da yadda ake ɗaga murya a sauke ta. Bayan tarzomar da ta girgiza Newark a 1967, iyalin suka koma garin East Orange. Kafin ta cika shekara ashirin ta yi wa Chaka Khan amshi, hotonta kuma ya fito a bangon mujallar Seventeen. Na kawo wannan asali ne don mai karatu ya riƙe shi, domin nan gaba za a zarge ta da cewa ba ta san inda ta fito ba.

A 1983 Clive Davis, shugaban kamfanin Arista, ya ɗauke ta. Mutum ne da ya san kasuwa ciki da bai, kuma kasuwar waƙa ta Amurka a wancan zamani a rabe take gida biyu. Mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin ciniki kowane mako, tana da babban jadawali na kowa da kowa, tana kuma da wani na daban da ta kira na baƙar fata, sunan da ya ci gaba da amsawa har zuwa 1990. Gidajen rediyo ma haka suke a rabe. Mawaƙin da ya tsaya a ɓangaren baƙaƙe yana iya yin suna, amma dukiyar tana ɗaya ɓangaren. Burin Davis shi ne ya tsallakar da yarinyar zuwa can. Ya shafe kusan shekara biyu yana tace waƙoƙi kafin faifan farko ya fito a Fabrairun 1985. Faifan ya tashi a hankali, daga baya ya yi makonni 14 a mataki na ɗaya, waƙoƙinsa uku kuma suka hau kan jadawali.

To, ɗan kasuwar da ya kai haja ta ƙare tun kafin azahar, ba ka raba shi da irinta a kasuwa mai zuwa. Faifai na biyu, wanda aka raɗa wa suna Whitney kawai, ya fito a farkon watan Yunin 1987, tana da shekara 23. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa. Narada Michael Walden ya tsara bakwai, Michael Masser biyu, Kashif ɗaya, Jellybean Benitez ɗaya. In ban da na ƙarshen, duk sun yi aiki a faifan farko. Waƙar da ta buɗe shi, I Wanna Dance with Somebody, ta fito ne daga alƙalamin George Merrill da Shannon Rubicam, waɗanda su ne suka rubuta mata How Will I Know a baya. Aka rufe shi da waƙar da ta rera tare da mahaifiyarta. Komai an auna shi, an sa shi a muhallinsa: ga ta rawa, ga ta soyayya mai sanyi, ga wadda za ta saki murya a ƙarshe har tsigar jiki ta tashi.

Ta fuskar ciniki, lissafin bai kuskure ba ko kaɗan. Faifan ya shiga jadawalin Billboard kai tsaye a mataki na ɗaya, abin da babu macen da ta taɓa yi. Kafin ita, Elton John da Stevie Wonder da Bruce Springsteen ne kaɗai suka yi hakan. Ya zauna a wurin makonni 11. Waƙoƙinsa huɗu suka kai mataki na ɗaya, idan aka haɗa da ukun baya suka zama bakwai a jere, wato ta zarce shida da ƙungiyoyin Beatles da Bee Gees suka taɓa jerawa. A 1988 ta karɓi lambar Grammy a kan waƙar farko ta faifan.

Sai dai kash, masu sharhin waƙa a manyan jaridu ba su yi tafi ba. Jon Pareles na jaridar New York Times ya kalli faifan a matsayin aikin mai gudun kasada, wanda ya bi ƙa'idar da ta riga ta ci nasara. Vince Aletti na mujallar Rolling Stone ya nuna takaicin yadda aka tura baiwa mai girma haka ta cikin ƙunƙuntar hanya. Ba wanda ya musa muryar. Abin da suka tsaya a kai shi ne cewa an saurari faifan daga farko har ƙarshe ba a san wace ce mai waƙar ba, ba a san abin da ke ranta ba.

Gaskiya ɗaya ce, akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka. Wanda ya saurari faifan a yau zai ji cewa wasu waƙoƙin ba su kai darajar muryar da ta ɗauke su ba, kamar a ɗora wa ingarman doki kayan da jaki ma zai iya kaiwa. Aikin mai sharhi ke nan, kuma da maganar ta tsaya a nan, da ba ni da ta cewa. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne wanda aka ɗora wa laifin. Yarinyar ba ita ke rubuta waƙoƙin ba, zaɓen ƙarshe kuma yana hannun kamfani. A wani fim na tarihinta da Nick Broomfield ya fitar a 2017, wani tsohon jami'in Arista ya bayyana cewa duk abin da aka ji ya cika kama da kiɗan baƙar fata, mayar da shi sutudiyo ake yi a sake. Manyan maza masu shekaru da ƙwarewa ne suka yanke wannan shawara a ofis, amma fuskar da ke bangon faifan ita ta sha jifa.

Daga nan sai sukar ta sauya kama. Ta tashi daga kan waƙa ta koma kan mai waƙar, ta tashi daga shafukan jarida ta shiga cikin gida. Wasu daga cikin baƙaƙen Amurka suka fara cewa ta sayar da kanta, ta bar salon soul da ya samo asali daga majami'unsu don ta faranta wa farar fata rai. Har sunanta aka murɗa, aka mayar da shi wata kalmar zolaya mai nufin bature. A bikin ba da lambobin Soul Train na 1989 a birnin Los Angeles, wanda taro ne na mawaƙa baƙar fata da masoyansu, da aka kira sunanta cikin 'yan takara sai wani sashe na zauren ya yi mata ihu. Kirk Whalum, mai busa da ya daɗe yana yi mata aiki, ya faɗa daga baya cewa abin ya yi mata ciwo matuƙa.

Ba na raina fushin waɗancan mutane, domin yana da tushe. Sun ga yadda aka daɗe ana kwashe kiɗansu ana ba wasu su ci riba, sun kuma ga yadda kamfanoni ke wanke ɗan nasu tas kafin su nuna shi ga duniya. Amma sun jefi wadda ba ta dace ba. Watanni goma kacal kafin wannan ihu, ranar 11 ga Yunin 1988, Whitney ta hau dandali a filin Wembley na birnin Landan a taron cikar Nelson Mandela shekara 70, lokacin yana tsare a kurkuku. Tun tana tallar kayan sawa ta ƙi hulɗa da kamfanonin da ke harka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma a 1994, bayan Mandela ya hau mulki, ta je ƙasar ta yi wasa sau uku. Duk wanda ya fito daga ƙaramin gida ya yi nisa a aiki, ya dawo aka ce masa harshensa ya sauya, ya san ɗanɗanon irin wannan zargi. Ba a kare kai daga gare shi, domin duk hujjar da ka kawo sai ta zama ƙarin shaida a kanka.

Tasirin abin ya fito fili a faifanta na uku, I'm Your Baby Tonight, na 1990, inda aka ɗauko L.A. Reid da Babyface don su kusanto da ita ga kiɗan matasan baƙar fata. A wancan bikin na Soul Train ne kuma ta haɗu da Bobby Brown, matashin mawaƙi daga unguwar Roxbury ta birnin Boston, wanda ba wanda ya taɓa tuhumarsa da barin asali. Suka yi aure a 1992, suka haifi 'ya ɗaya, Bobbi Kristina, a 1993. Masu rubuta tarihinta da yawa suna ƙulla waɗannan abubuwa biyu, su ce ihun ne ya tura ta hannunsa. Ni dai ina ɗari-ɗari da wannan fassara, don zuciyar mutum ba ta tafiya a kan layi miƙaƙƙe haka, kuma 'yan uwanta da kansu sun amsa cewa ta san ƙwaya tun kafin ta san shi. Abin da ba a musu a kai shi ne, daga 1989 ta rayu tana ƙoƙarin gamsar da ɓangarori biyu da kowanne ke ganin ta fi karkata ga ɗayan.

Sauran labarin sananne ne. Fim ɗin The Bodyguard na 1992 ya kai ta ƙololuwa, waƙar Dolly Parton da ta sake rerawa a cikinsa ta yi makonni 14 a mataki na ɗaya. Faifan My Love Is Your Love na 1998 ya samu yabon da masu sharhi suka hana ta a 1987. A 2001 ta sabunta yarjejeniya da Arista kan dala miliyan 100, a 2002 ta amsa a talabijin cewa tana shaye-shaye, a 2007 auren ya mutu. Ta yunƙuro a 2009 da sabon faifai wanda shi ma ya shiga a mataki na ɗaya, amma muryar ta riga ta dusashe. Binciken likitoci ya nuna nutsewa ta yi a ruwa, ciwon zuciya da hodar iblis suka taimaka. A daren da ta rasu, a cikin otal ɗin da gawarta take, aka gudanar da liyafar da Clive Davis ya saba shiryawa kafin bikin Grammy.

Masu sharhi sun sake duba hukuncinsu daga baya. Rolling Stone ɗin da ta yi takaicin faifan, ita ce a 2021 ta sa waƙarsa ta farko cikin fitattun waƙoƙi 500 na tarihi, a 2023 kuma ta sanya Whitney ta biyu a jerin manyan mawaƙa, bayan Aretha Franklin. A 2020 aka tabbatar da cewa cinikin faifan a Amurka kaɗai ya kai miliyan 10, a shekarar kuma aka shigar da sunanta zauren karramawa na Rock and Roll. Duk wannan ya zo ne bayan an yi jana'izarta ranar 18 ga Fabrairun 2012 a majami'ar New Hope Baptist ta Newark, inda ta fara waƙa, aka binne ta kusa da mahaifinta a garin Westfield. Shekara uku bayan haka aka binne Bobbi Kristina a gefenta, tana da shekara 22. Cissy Houston ta rayu har zuwa Oktoban 2024.