Manuel Belgrano, Wanda Aka Tsawata wa Don Ya Ɗaga Tuta

Tun farkon zangon nan ni aka ɗora wa aikin ɗaga tutar makaranta da safe, da sauke ta da yamma. Ran wata Alhamis na sha'afa, na zarce filin ƙwallo, tuta ta kwana bisa sanda, ga shi kuwa an kwana ana ruwa. Da gari ya waye malamin da ke kan aiki a makon bai dake ni ba. Sai ya ce horona shi ne in shiga laburare, in zaɓi wata ƙasa, in rubuto labarin tutarta da dokokin da ke tsaron ta. Na zaɓi Ajantina, ba don ƙauna ba, sai don sau biyar muna karawa da su a gasar cin kofin duniya, daga 1994 zuwa 2018, sau biyar ɗin kuma suna cinye mu. Na ce bari dai in san asalin wannan shuɗi da fari da ya hana mu sakat. Can na gamu da Manuel Belgrano, har labarinsa ya kusa mantar da ni tutar kanta.

An haife shi a birnin Buenos Aires ran 3 ga watan Yuni, 1770. A zamanin nan babu wata ƙasa mai suna Ajantina, yankin duka yana hannun Sarkin Sifen ne. Ubansa attajiri ne, mutumin Italiya, saboda haka Manuel ya tashi cikin wadata. Yana ɗan shekara 16 aka aika da shi Sifen, ya karanta shari'a a Salamanca da Valladolid. Yana can aka yi juyin juya halin Faransa a 1789, ya kuwa kwashi ra'ayoyin zamanin game da 'yanci da tattalin arziki.

A 1794 ya komo gida, aka naɗa shi sakataren majalisar 'yan kasuwa ta Buenos Aires. Ba su sha daɗin zama da shi ba, domin su riba suka sani, shi kuwa kullum maganarsa noma da sana'a da makaranta. Ya yi ta rubutu a kan a ba yara ilimi kyauta, har da 'ya'ya mata, abin da ba a saba ji ba a lokacin. A 1799 ya sa aka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgin ruwa da ta koyon zane, amma ba su daɗe ba hukumar Sifen ta sa aka rufe su. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta makaranta, za mu sake gamuwa da ita.

Da Turawan Ingila suka kame Buenos Aires a 1806, 'yan majalisar kasuwa suka yi musu mubaya'a. Belgrano ya ƙi, ya haye kogi ya bar musu garin. Sa'an nan a 1808 Nafoliyon na Faransa ya tsare Sarkin Sifen, Fernando na Bakwai. Mutanen Buenos Aires suka ga dama ta samu, ran 25 ga watan Mayu, 1810, suka tuɓe wakilin sarki suka kafa majalisar mulki ta kansu, Belgrano yana ciki. Amma fa ba su fito fili sun ce sun ɓalle ba. Cewa suka yi suna riƙe wa sarkin da ke tsare ƙasarsa ne kafin ya fito. Wannan dabara ita ce tushen rigimar tuta da za ta zo.

Lauya ne, bai koyi aikin soja sosai ba, amma da yake babu mutane sai aka ba shi runduna aka tura shi Faraguwai. Aka ci shi a 1811, ya dawo har aka bincike shi, ba a same shi da laifi ba. Farkon 1812 aka aike shi wani ɗan ƙauye a bakin kogin Parana, ana ce da shi Rosario, ya kafa igogi don tare jiragen Sifen masu hawowa daga Montevideo suna ɓarna. A nan ya lura da wani abu da ya dame shi. Sojansa da sojan abokan gaba duk jar alama iri ɗaya suke maƙalawa a hula, tuta ma iri ɗaya suke ɗagawa. Yaya mutum zai ba da ransa ƙarƙashin tutar wanda yake harbin sa? Ya rubuta wa gwamnati, wadda a lokacin ta koma hannun mutum uku, ya nemi a canja alamar hula. Ran 18 ga watan Fabrairu suka yarda, suka ce ta zama fari da shuɗi mai haske irin na sararin sama.

To, an ba shi hannu sai ya kama har gwiwar hannu. Ya sa aka ɗinka tuta da launukan nan biyu, ran 27 ga watan Fabrairu, 1812, ya tara sojansa a gaɓar kogi aka ɗaga ta. Bai ɓoye ba, a ranar ya rubuta wa gwamnati ya shaida musu abin da ya yi, da zaton za su yi murna.

Hankalinsu ya tashi. Sakataren gwamnati, Bernardino Rivadavia, ya aika masa da takarda cewa ya naɗe tutar nan a asirce, ya nuna wa jama'a kamar ɗoki ne kawai ya kwashe shi, ya koma ɗaga irin wadda ke bisa ganuwar Buenos Aires, watau ja da rawaya ta Sifen. Da farko na ɗauka tsoro ne kurum. Da na ƙara karatu sai na ga suna da hujjarsu. Sabuwar tuta shela ce ta ɓallewa, su kuwa har yanzu da sunan sarki suke mulki, kuma suna lallaɓa Ingila, wadda a lokacin take ƙawance da Sifen wajen yaƙar Nafoliyon. Ƙyalle ɗaya yana iya rushe musu duk wannan lissafi.

Takardar ba ta same shi ba, domin an riga an tura shi arewa ya karɓi rundunar da ta sha kashi a ƙasar da yanzu ake kira Bolibiya. Ya isa garin Jujuy, wanda su suke faɗinsa Huhui, ya tarar da soja ba makamai, ba albashi, ba zuciya. Ran 25 ga watan Mayu, da mulkin kai ya cika shekara biyu, ya sake fito da tutar, babban limamin cocin garin ya sa mata albarka gaban jama'a. Da labari ya kai Buenos Aires suka ɗauka taurin kai ne, suka aiko masa da tsawa mai zafi. Ya amsa cewa bai ga takardar farko ba, kuma zai ajiye tutar, in wani ya tambaya zai ce an adana ta ne sai ranar wata babbar nasara. Na karanta wannan wuri sau biyu. Ni da na bar tuta cikin ruwa an ba ni aikin laburare ne kawai, shi kuwa da ya ƙirƙiro ta an yi masa kashedin horo.

Ba a jima ba rundunar Sifen ta gangaro ƙarƙashin Pio Tristan, kimanin mutum 3,000. Belgrano ya ba da umarni kowa a Jujuy ya tashi, a kora dabbobi, a kwashe abin da za a iya ɗauka, a ƙone sauran amfanin gona, kada abokan gaba su sami ko loma. Ya kuma yi shela cewa wanda ya ƙi tashi za a harbe shi. Ran 23 ga watan Agusta gari ya watse, maza da mata da yara suka kama hanyar Tucuman, tafiyar da ta fi kilomita 250. A yau suna bikin ranar da alfahari, amma ni da na tuna da manomin da aka sa ya cinna wa gonarsa wuta da hannunsa, ban iya cewa mutumin nan mai taushi ne ba.

Umarnin gwamnati shi ne ya ci gaba da ja da baya har Cordoba. Mutanen Tucuman suka roƙe shi kada ya bar su, suka ba shi mahaya da dawaki. Wannan karon ya ga takarda sarai, ya kuma saɓa mata da saninsa. Ran 24 ga watan Satumba, 1812, aka gwabza, yana da kamar mutum 1,800, ya kuwa kore Tristan. Mako biyu bayan haka gwamnatin mutum ukun ta faɗi. Ya fito da tutarsa, ran 20 ga watan Fabrairu, 1813, ta shiga fagen fama a Salta, inda rundunar Sifen duka ta miƙa wuya. Maimakon ya tsare su sai ya rantsar da su cewa ba za su sake ɗaukar makami ba, ya sallame su. Gawawwakin ɓangarorin biyu kuma ya sa aka binne a rami guda. Mutanensa da yawa sun zarge shi a kan sakin nan, kuma gaskiya ne waɗansu daga cikin waɗanda ya saka sun karya rantsuwa sun dawo sun yaƙe shi.

Majalisar ƙasa ta yi masa kyautar takobi da kuɗi peso 40,000, dukiya mai yawan gaske a zamanin. Bai taɓa ko kwabo ba. Ya ce a gina makarantu huɗu da su, a Tarija da Jujuy da Tucuman da Santiago del Estero, har ya zauna ya rubuta musu ƙa'idodi da hannunsa, ciki har da girman da ya kamata a ba malami a taron gari.

Daga nan sa'a ta juya masa baya. Kafin shekarar ta ƙare aka ci shi sau biyu cikin duwatsun Bolibiya, a Vilcapugio da Ayohuma, farkon 1814 ya miƙa runduna ga Jose de San Martin. An aike shi Turai neman goyon baya, ya dawo hannu wofi. A taron Tucuman na 1816 ya kawo shawarar a naɗa sarki daga zuriyar Inka, masu ƙasar Peru tun kafin zuwan Turawa, mutanen Buenos Aires suka mai da abin na dariya. Amma taron nan ne ya yi shelar 'yanci ran 9 ga watan Yuli, kuma a cikin watan ya amince da tutar da aka hana shekara huɗu da suka wuce. A 1818 aka ƙara hoton rana a tsakiya, aka ce wannan ta yaƙi ce. Abin ya tuna mini da tamu, domin zanen da Taiwo Akinkunmi ya shigar gasa a 1959 yana da jar rana a tsakiya, alƙalai suka cire ta.

Ƙarshensa ba daɗin ji. Ciwo mai tara ruwa a jiki ya kama shi, ya komo Buenos Aires yana bin gwamnati bashin albashi, ba shi da abin biyan likitansa, Joseph Redhead, sai agogonsa na zinariya ya ba shi. Ya mutu ran 20 ga watan Yuni, 1820, yana da shekara 50, a gidan da aka haife shi. Ranar kuwa gari yana cikin rikici, har ana kiran ta ranar gwamnoni uku, saboda haka jarida ɗaya tak ta ba da labarin mutuwarsa. Dutsen da aka sa a kabarinsa daga kan wani kayan ɗaki na gidansu aka ciro shi.

Tutar kuwa sai daraja take ƙaruwa, doka na bin doka. A 1938 aka mai da ranar mutuwarsa Ranar Tuta, ana hutu a ƙasa duka. A 1944 aka fitar da doka a kan siffarta da wanda ya isa ya ɗaga ta, a 1957 aka buɗe wani ƙaton gini na tunawa a Rosario, wurin da aka fara ɗaga ta. Shekara da shekaru mai hoton rana ta hukuma ce kaɗai, talaka sai dai ya ɗaga marar rana, sai a 1985 doka ta ba kowa izini. A 2010 aka ƙayyade ainihin launinta da awonta, ranar ma tana da tsirkiya 32, rabi miƙaƙƙu rabi masu lanƙwasa. Wanda ya wulakanta ta a bainar jama'a yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya zuwa huɗu. A makarantunsu ɗalibin da ya fi ƙwazo da ladabi ne ake ba riƙon tuta ranar biki, 'yan aji huɗu na firamare kuma kowace shekara sukan yi mata alkawarin biyayya a Ranar Tuta. Da a can nake, da tuni an karɓe aikin nan daga hannuna.

Saura maganar makarantun nan huɗu. Kuɗin sun shiga baitulmali, yaƙe-yaƙe da sauye-sauyen gwamnati suka bi ta kansu, aka yi ta ɗaga magana daga wannan shekara zuwa waccan. Tarija ma kafin a waiwaye ta ta riga ta zama yankin Bolibiya, sai a 1974 Ajantina ta gina mata tata. Ta Jujuy, garin da mutanensa suka ƙone gonakinsu suka bi shi, a 2004 aka buɗe ta, shekara 191 bayan ya ba da kuɗin.