Raymond Dart, likitan da ya karanta haƙoran Yaron Taung

Tun ina ɗan shekara goma Baba yake tafiya da ni kara a Legas idan an yi hutun makaranta. Kafin ya koya mini ciniki sai da ya koya mini buɗe bakin sa. Dillali zai iya rantse maka cewa bijimi bai wuce shekara biyu ba, amma da ka ɗaga leɓensa ka ƙirga haƙoran da ya sake, magana ta ƙare. Shi ya sa ran da na ci karo da tarihin Raymond Dart na kasa ajiye shi, don shi ma aikinsa ke nan, sai dai ƙashin da ya duba ya haura shekara miliyan biyu a ƙasa.

Na san batun asalin ɗan Adam yana da nauyi a wajenmu. Ni Musulmi ne, abin da na yi imani da shi game da Annabi Adamu yana nan daram. Abin da zan kawo shi ne rayuwar mutumin, da abin da ya rubuta, da yadda abokan aikinsa suka auna shi.

An haifi Dart ranar 4 ga Fabrairu 1893 a Brisbane ta ƙasar Ostireliya, shi ne na biyar cikin 'ya'ya tara. Ya taso a gona, ya yi karatun likita a Jami'ar Sydney ya gama a 1917, ya yi aikin likitan soja a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan ya zauna a Landan ƙarƙashin babban malamin ilimin sassan jiki, Grafton Elliot Smith. A farkon 1923 ya isa Johannesburg a matsayin farfesa a sabuwar makarantar likitoci ta Jami'ar Witwatersrand. Bai so zuwan ba, don gani yake an jefa shi bayan gari, wurin da ko kayan koyarwa babu.

Rashin kayan ne ma ya jawo komai. Ya roƙi ɗalibansa su riƙa kawo masa ƙasusuwa idan sun je hutu. A 1924 wata ɗalibarsa, Josephine Salmons, ta kawo ƙoƙon kan wani gwaggon biri da ya zama dutse, wanda aka samo a mahaƙar farar ƙasa ta Taung. Dart ya nemi a ƙaro masa. A ƙarshen shekarar akwatuna biyu suka iso gidansa, daidai lokacin da yake shirin bikin wani abokinsa. A ciki ya ga wani dunƙulen dutse da ya ɗauki siffar ƙwaƙwalwa, da wani dutsen da fuska take maƙale a cikinsa. Makonni ya yi yana sassaƙa a hankali, har da alluran saƙar matarsa da ya wasa, kafin fuskar ta fito.

To me ya gani? Haƙoran nono suna nan cif, turamen farko na dindindin suna kan fitowa, ke nan yaro ne da bai yi famfara ba. Fiƙoƙinsa ƙanana ne, ba irin na biri ba. Ƙwaƙwalwar kuma ƙarama, kusan kashi ɗaya cikin uku na ta babban mutum. Sai babban al'amarin, wato ramin da laka take bi ta shiga ƙoƙon kai. Duk wanda ya taɓa riƙe kan sa a kwata ya san ramin nan a baya yake, wajen ƙeya, saboda dabbar da ƙafa huɗu take tafiya. A jikin mutum kuwa a ƙasa yake, don kan a bisa wuya yake zaune. Na yaron nan ya matso gaba, shi ne Dart ya ce da ƙafa biyu yake tafiya.

Ranar 7 ga Fabrairu 1925 mujallar Nature ta buga maƙalarsa. Ya raɗa wa halittar suna Australopithecus africanus, ma'ana birin kudancin Afirka, ya kuma ce tana tsakanin birai da mutane. Manyan masana na Ingila, irin su Arthur Keith, suka ce ɗan biri ne kawai, dangin gorila ko cimpanzi. Ko malaminsa Elliot Smith bai tsaya masa ba. Suna da hujja guda mai ƙarfi: jariran birai sun fi manyansu kama da mutum, don haka da ƙoƙon yaro ɗaya ba a yanke hukunci. Amma akwai son zuciya a ciki. A lokacin ido yana kan Asiya da Turai, ba Afirka ba, kuma sun riga sun amince da wani ƙoƙon kai da aka ce an tono a Piltdown ta Ingila a 1912, mai babbar ƙwaƙwalwa da muƙamuƙin biri. Na Dart ya zo da akasin haka, sai aka ƙi shi.

A 1931 ya ɗauki ƙoƙon da kansa ya kai Landan, ya tarar hankalin kowa yana kan ƙasusuwan da aka tono kusa da Beijin. Dogon littafin da ya rubuta a kan yaron bai samu bugu ba. Ya dawo gida ya rungumi aikin makaranta, inda ya shugabanci tsangayar likitanci daga 1925 zuwa 1943.

Wanda ya fitar da shi kunya wani dattijon likita ne, Robert Broom, da ya shiga kogunan Sterkfontein ya fara samo ƙasusuwan manyan wannan halitta a 1936, ya kuma samu cikakken ƙoƙon kai a 1947. A shekarar ce Keith ya rubuta a fili cewa Dart ne ke da gaskiya, shi ne ya yi kuskure. A 1953 kuma asirin Piltdown ya tonu: ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri aka goge haƙoran. Shekara 22 Dart ya jira kafin a yarda da shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce mai haƙuri ya dafa dutse. Amma akwai saura. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Dart ya koma kan ƙasusuwan kogon Makapansgat, ya bi gutsattsari sama da 7,000. Ya lura muƙamuƙan barewa da wasu gaɓoɓin ƙafa sun yi yawa, ƙashin baya da na jela kuwa da kyar ake gani. Sai ya ce ai waɗannan halittu ne suka zaɓi ƙasusuwan suka tara, suna yin kulki da ƙashi, zarto da haƙori, wuƙa da ƙaho. Ya buga maƙala a 1953 da littafi a 1957, yana siffanta su a matsayin mafarauta masu kashe har 'yan uwansu. Marubuci Robert Ardrey ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1961, jama'a da dama suka ɗauka cewa kisa a jinin mutum yake tun asali.

Wani masani, C. K. Brain, shi ya warware wannan, kuma da hanyar da kowane mahauci zai gane. Ya je ƙauyukan makiyaya a hamadar Namib ya tattara ƙasusuwan awakin da mutane suka ci, karnuka suka gwaigwaye. Abin da ya rage shi ne muƙamuƙi da gaɓoɓi masu tauri, masu laushin duk sun tafi, daidai da abin da Dart ya ƙirga. Wallahi da na karanta wannan sai na tuna bayan kwata, inda kullum ƙaho da muƙamuƙi ne ke saura. A kogon Swartkrans kuma Brain ya nuna wani ƙoƙon yaro mai huda biyu da suka yi daidai da fiƙoƙin damisa. Littafinsa na 1981 ya nuna cewa galibi su ake farauta. Shi kansa Yaron Taung, binciken baya ya nuna alamun gaggafa ce ta ɗauke shi, kuma shekarunsa uku zuwa huɗu ne, ba shida da Dart ya ƙiyasta ba.

Akwai wani tabon da bai kamata in ɓoye ba. Mutumin da ya ɗaga sunan Afirka a wannan fanni ya daɗe yana auna kawunan 'yan Afirka yana rarraba su jinsi-jinsi, yana kuma jingina tsofaffin gine-ginen Zimbabwe ga tasirin baƙi daga waje. Masu tonon tarihi sun tabbatar 'yan ƙasar ne suka gina su.

Dart ya yi ritaya a 1958, ɗalibinsa Phillip Tobias ya gaje kujerarsa. Shekara guda bayan haka ya fitar da littafin tarihin aikinsa. Ƙarshen rayuwarsa ya ba da shi ga taimakon yara masu larurar ƙwaƙwalwa, saboda ɗansa da aka haifa da irin wannan matsala, har ya riƙa zuwa Filadelfiya ta Amurka don aikin. Ya rasu a Johannesburg ranar 22 ga Nuwamba 1988 yana da shekara 95.

Abin da na ɗauka a rayuwarsa shi ne, lokacin da yake da gaskiya manya sun ƙi shi, lokacin da ya yi kuskure kuma duniya ta tafa masa, a duka biyun sai da wani ya koma ya sake duba ƙashin kafin a rabe. Na ba Baba labarin nan wani dare bayan an tashi daga kara. Sunayen Turawan bai riƙe ko ɗaya ba, amma da na zo kan awakin Namib sai ya yi dariya, wai wannan ai ko yaron mahauta ya sani. Ƙoƙon yaron yana nan ajiye a Jami'ar Witwatersrand, masana suna ci gaba da zuwa duba shi.