Mamman Shata: Mawaƙin da bai zauna ƙofar sarki ɗaya ba

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba, domin a wancan zamani ana yi wa kiɗa kallon roƙo, sana'ar da ake gada. Shata kuwa bai gaje ta ba. Ya fara da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin waƙar ta rinjayi tallar.

Manyan makaɗan lokacin kowa da ubangidansa. Ibrahim Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana ta Sarkin Musulmi a Sakkwato. Shata ya ɗauki kalangu, kiɗan da aka fi sani da mahauta da 'yan mata, ya shiga gari da shi. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma da mata. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya waƙe sojoji. Da Amurkawa suka sauka duniyar wata a 1969, sai ga waƙar kumbo Apollo 11.

Yadda yake ƙaga waƙa shi ne abin da har yau ake jinjinawa. Ba ya rubutawa. Makaɗa su kafa kiɗa, 'yan amshi su riƙe layi ɗaya suna maimaitawa, shi kuma ya yi ta ɗora baituka a kai gwargwadon wanda ke gabansa da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa waƙa ɗaya kan fito da fuska daban-daban a faifai daban-daban. Bakandamiya, wadda ya wasa kansa a cikinta, misali ce: ya rera ta sau da dama, kusan kowane karo da sabon zance. Wannan baiwa tana da kaifi biyu, domin bakin da ke yabo shi ke zambo, kuma waɗanda ya yi wa zambo sunansu ya bi su har bayan ransu.

Kamfanin EMI, wanda ya fitar da faya-fayen Beatles a Ingila, ya buga wasu na Shata a Najeriya. Sai dai mawaƙan Ingila suna cin kuɗin haƙƙin mallaka duk sanda aka sayar da faifai, Shata kuwa arzikinsa kyautar iyayen gida ce: kuɗi, riguna, dawakai, motoci. Da kaset ya zo, kowa ya kwafa yadda ya ga dama. Ta haka muryarsa ta ƙetare iyaka ba fasfo, 'yan cirani na komawa da ita Madawa da Buza da Keita, wasu na tafiya da ita Kumasi da Abijan. Shi bai ga ko sisi daga mafi yawan wannan ciniki ba, amma kwafen ne ya adana waƙoƙi masu yawa da yanzu matasa ke turawa juna a WhatsApp.

Malaman jami'a sun gane darajarsa tun yana raye. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirin digirgir a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya taɓa siyasa, ya kuma zauna a Funtuwa shekaru masu yawa.

Ya rasu a Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni 1999, bayan jinya. A Daura aka yi masa sutura, garin Sarki Muhammadu Bashar.