Giacomo Ciamician: Masanin da ya ɗora ɗakin gwaji a kan rufin gini

Duk ganyen masara da na auduga da ke gonakin Gozaki yana aikin da ya daɗe yana gagarar masana. Yana kama hasken rana, ya haɗa ruwa da iska su zama abinci. Sinadarin kulorofil ne ke wannan aiki, kuma a tsakiyarsa akwai ƙwayar ƙarfen maganeziyom guda ɗaya. Giacomo Ciamician ya ƙarar da rayuwarsa yana neman yadda ɗan Adam zai koyi wannan sana'a daga tsiro.

An haife shi ranar 27 ga Agusta, 1857, a birnin Triyeste, wanda a lokacin ke ƙarƙashin daular Ostiriya. Asalin gidansu Armeniyawa ne. Ya yi karatu a Biyana, ya sami digirin digirgir a Gisen ta Jamus a 1880, sannan ya yi aiki a Roma ƙarƙashin Stanislao Cannizzaro. Ya zama farfesa a Padowa a 1887, daga nan ya koma Jami'ar Bolonya a 1889, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

A zamaninsa wuta da kwal ake dogara da su wajen haɗa sinadarai. Shi kuwa, tare da abokin aikinsa Paul Silber, sai ya riƙa jera kwalabe a baranda da saman ginin jami'a, ya bar rana ta yi aikinta. Aikin na masu haƙuri ne, domin wata kwalbar sai ta yi watanni kafin a ga sauyi. A 1908 suka nuna cewa hasken rana kaɗai ya sauya ƙirar kabon, wani sinadari da ake samu a man na'a-na'a, ya mayar da shi wani sinadari daban.

A 1912, a babban taron masana sinadarai a New York, ya yi gargaɗin cewa kwal zai ƙare wata rana. Ya lissafa cewa hasken da ke sauka a hamadar Sahara kullum ya kai ƙarfin kwal tan biliyan 6. Ya yi hasashen masana'antu marasa hayaƙi a ƙasashe masu zafi, waɗanda arzikinsu zai fito daga rana.

An naɗa shi sanata a Italiya a 1910, an kuma sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma bai samu ba. Ya rasu a Bolonya ranar 2 ga Janairu, 1922.

Abin da ya yi masa cikas shi ne yawancin sinadarai ba sa shan hasken da ido ke gani. A 2008 ne David MacMillan da Tehshik Yoon, kowa da tawagarsa a Amurka, suka farfaɗo da hanyar amfani da sinadarai masu ƙwayar ƙarfen ruteniyom a tsakiya. Irin wannan sinadari yana shan haske, ya miƙa ilektiron ko ya karɓa, ya sa wasu sinadarai su haɗu, shi kuma ya koma yadda yake ba tare da ya ƙare ba. Yau masu binciken magunguna suna wannan aiki da ƙananan fitilu shuɗaye, kuma sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bolonya yana ɗauke da sunan Ciamician.